Kayan ado na hannu da hasken ɗaukar hotonsu

  Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da birnin Yamai, tare da malamansu.   

In kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hannu yakan samu hutu. Wasu su tafi cin rani, wasu su zauna gida. Hirarmu ta yau ta masu zama gida ce, kuma a kan aiki biyu take. Na farko, yin kayan ado da hannu: abin wuya, awarwaro, zobe da ƴan kunne. Na biyu, haɗa kayan haske na ɗaukar hoto da abin da ke cikin gida.

Wani zai ce: mi ya haɗa kifi da kaska? Ga abin da ya haɗa su. Yanzu ba kowane mai saye ke zuwa kasuwa ba. Da yawa a salula suke ganin kaya. Mace ta kwana biyu tana jera tsakiya, ta yi abin wuya mai kyau. Ɗanta ya ɗauki hotonshi cikin ɗaki mai duhu, aka aika ma ƴar'uwa a Yamai. Hoto ya fito dishi-dishi, ja ya koma baƙi. Sai a taya kayan da rabin kuɗi, ko a yi shiru. Aikin ba shi da laifi, salular ma ba ta da laifi. Haske ne babu. Shi kuwa haske, kowa na iya gyara shi da kwali da farin ƙyalle.

Ku ɗauko kaye da bik, don akwai abin rubutawa.

Ado gadonmu ne

Ƙasarmu ta yi suna wajen aikin ado. Ku dubi maƙeran farin ƙarfe na Abzin, masu yin abin wuyan nan na Agadas da duniya ta sani. Akwai ire-irenshi 21 da aka saba jerawa, da yawansu da sunan gari: na Agadas, na Tawa, na Damagaram, na Ingal, na Bilma da sauransu. Ga yadda ake yin shi. Maƙeri ya siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya sa cikin garwashi. Kaki ya narke ya fita, ya bar gurbi. Sai ya zuba narkakkiyar azurfa cikin gurbin. In ta huce, ya fasa yumɓun, ya goge da magagari, ya yi zane. Tun da sai an fasa yumɓu kafin abu ya fito, kowane ɗaya da nashi aikin.

A da, maƙera sukan narke tsofaffin kuɗin azurfa, kamar wanda ke da hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinshi. Ga kuma dukawan Damagaram, ga fatar jar akuya ta Maraɗi wadda ake nema har ƙasashen waje. Wanda ya je Yamai, ya shiga gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Zai tarar da masu aikin hannu zaune suna aiki a gaban jama'a.

Zubin azurfa sana'a ce ta gado, sai an zauna gaban maƙeri shekaru. Mu ba can za mu fara ba. Za mu fara da abin da hannun kowa ke iyawa.

Kayan aiki

Ku rubuta su ɗaya bayan ɗaya: tsakiya da duwatsun ado na kasuwa, zaren lilo mai ƙarfi, allura da basilla, almakashi, ƙaramin awartaki, magagari, mitar tela, da faifai ko tasa inda za a zuba tsakiya don kada ta watse.

Ba komi ake saye ba. Ƙwallon dabino, ƴaƴan tsamiya da ƴaƴan kuka duk suna yin abin wuya. A wanke su, a shanya su bushe sarai don kada su yi fumfuna. A huda su da ƙusa mai zafi, a shafa musu ɗan man gyaɗa su yi sheƙi. Guntayen fata da baduku ya zubar suna yin igiyar wuya. Wayar jan ƙarfe ta cikin mataccen inji ko tsohuwar fanka tana yin zobe da awarwaro. Na ce matacce. Wayar kuran ta gari dukiyar jama'a ce. Taɓa ta sata ce, kuma tana kisa.

Awo kafin yanka

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Kada a yanka zare da ka. A auna, a rubuta.

In awarwaro ne, a zagaya wuyan hannu da mitar tela, a ƙara santimita 2. Misali, hannu ya ba da 16, to awarwaro 18 ke nan. Abin wuya na babbar mace, wanda ke zama kusa da wuya, yakan kai santimita 40 zuwa 45. A bar rarar zare santimita 10 a kowane baki, saboda ƙulli.

Kafin a zura tsakiya, a jera ta bisa faifai a ga yadda launi zai zauna. In jerin ya yi kyau, a rubuta shi cikin kaye: ja 5, fari 1, baƙi 2, fari 1, a koma. Ranar da wata ta ce: irin na wance nike so, sai a buɗe kaye. Wadda ba ta rubuta ba, sai ta yi ta tunani.

In duwatsu ne masu tsada, kamar murjani, a yi ƙulli tsakanin dutse da dutse. Ko zare ya tsinke, guda ɗaya zai faɗi, sauran na nan.

Ita wayar jan ƙarfe, in ana ta lanƙwasa ta, sai ta yi tauri har ta karye. Maganin abin, a riƙe ta da awartaki a sa a garwashi har ta fara ja, a fidda ta ta huce. Za ta koma da laushi. A naɗa ta jikin sanda mai kaurin yatsa, zobe ya samu. A goge bakin wayar da magagari don kada ta yagi fata ko tufa. In ta yi duhu, ruwan tsamiya ko na lemun tsami da ɗan gishiri yana wanke ta. A ɗauraye da ruwa, a tsane.

Abubuwa uku masu haɗari

Rigakafi ya fi magani. Ku saurara da kyau.

Na ɗaya, idon zakara. Ƴaƴan nan ne ƙanana, ja wur da ɗigon baƙi. Suna da kyau ga ido, amma akwai mugun dafi cikinsu. Ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya kashe mutum, kuma huda ta na buɗe ma dafin hanya. Kada a yi ado da ita, kada a bar yara su yi wasa da ita.

Na biyu, dalma. Kada kowa ya fasa batirin mota ya narke dalmar ciki don yin ado. Dalma guba ce, ta fi cutar yara ƙanana da mata masu ciki. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba ta nuna kanta da wuri. A shekara ta 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dalmar na cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Haka kuma kada a ƙona robar jikin waya, hayaƙinta na cutar ƙirji. A feƙe ta da wuƙa.

Na uku, ƙananan abubuwa. Yaro mai rarrafe yana haɗiye tsakiya, ko ya tura ta hanci ko kunne. Ƙaramin pil mai kama da maɓalli ya fi haɗari, don yana ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi. In haka ta faru, a kai yaro likita nan take. In an gama aiki, a rufe komi cikin gwangwani, a ɗora sama.

Hoto rubutu ne da haske

Yanzu mu koma ga aiki na biyu. Kalmar hoto baƙuwa ce. Asalinta daga harshen Girka, kuma ma'anar cikakkiyar kalmar ita ce rubutu da haske. Ku da kuke koyon rubutu kun san in bik ba shi da tawada, komi kyan takarda, ba abin da zai fito. To, haske shi ne tawadar hoto.

Wani masani Balarabe, Hasan Ibn Haisam, haifaffen Basra, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga jikin abu ya shiga ido. Hoto mafi tsufa da ke nan har yau, wani Bafaranshe mai suna Niyeps ya ɗauke shi daga tagar gidanshi wajen 1826. Sai da akwatinshi ya yi awa 8 ko fiye yana shan haske. A Bamako, Saidu Keita ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948. Yawancin hotunanshi a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana da zane shimfiɗe a baya. Yau ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. Kun ga ashe ba tsadar kayan aiki ke yin hoto ba.

Halin haske huɗu

Na 1. Ƙaramin haske mai ƙarfi yana yin inuwa baƙa ƙirin, yana sa ƙarfe walƙiya. Haka rana tsaka take, haka ƴar fitilar bayan salula take. In haske ya bi ta cikin farin ƙyalle, sai ya bazu, ya yi taushi, inuwa ta yi sauƙi.

Na 2. Fari na maido haske, baƙi na shanye shi.

Na 3. Nisa na rage haske da sauri. In fitila na santimita 30 daga kaya, kuka maida ta 60, hasken da ke sauka bisa kayan zai koma kashi 1 cikin 4.

Na 4. Haske na da launi. Na fitilar kananzir ja-ja ne, na tocila sau da yawa yana da shuɗi-shuɗi. In an gama iri biyu wuri ɗaya, launin kaya zai rikice. A yi aiki da iri ɗaya.

Hasken da ya fi duka kyauta ne: na safe daga ƙarfe 7 zuwa 9, ko na bayan la'asar, ko na bakin ƙofar zaure inda rana ba ta bugawa. Kada a ɗauka ƙarƙashin itace, don hasken wurin dabbare-dabbare ne. Kada a ɗauka ƙarƙashin tamfol mai launi, don zai rina kayan.

Kayan haske na gida

Faifan maido haske. A samu faifai ko kwali mai faɗi. A manna farar takarda a fuska ɗaya da ƙaro. A ɗaya fuskar a manna takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi ko ledar madara. A ɗan cukuikuye ta tukuna, a miƙe, don kada ta yi walƙiya kamar madubi. In haske na zuwa daga dama, a riƙe faifai a hagu, a karkata shi sannu har inuwa ta washe. Ko hoton mutum za a ɗauka ranar suna ko biki, faifan nan na haska fuska.

Labulen haske. A ɗaure kara huɗu su yi kusurwa huɗu, a ɗame farin alawayyo a kai. A riƙe shi tsakanin rana da kaya.

Akwatin haske. Wannan shi ne babba. A samu kwali mai kamar santimita 40 kowane gefe. A kwantar da shi, bakinshi na kallon mai ɗauka. A yanke taga a dama, a hagu da sama, a bar baki santimita 5 don kada ya lotsa. A rufe tagogi uku da farin ƙyalle marar kauri. A ɗauko doguwar farar takarda, a manna kanta a bango na baya daga sama, a bar ta ta sauko a lanƙwashe har bakin akwati, ba tare da an karya ta ba. Akwati ya haɗu. Da rana a kai shi waje. Da dare a sa tocila biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace santimita 30 daga ƙyalle. Gwangwani cike da rairayi yana riƙe tocila.

Ku lura: tocila mai ƙananan ƙwayaye ko fitila mai cajin rana kaɗai za a sa, don ba su zafi. Kada a kusanto da kyandir, ko fitilar kananzir, ko ƙwan lantarki mai zafi. Kwali da ƙyalle abincin wuta ne, kuma kun san gobarar rani.

Mariƙin salula. Hannu na rawa, rawar hannu na ɓata hoto. A cika tsohuwar safa da rairayi, a ɗaure baki, a jingina salula.

Yadda ake ɗauka

A goge idon salula da ƙyalle mai laushi, don ƙurar hunturu da maiƙon yatsa na sa hoto hazo. A kashe ƴar fitilar baya. A matso kusa, amma in hoto ya fara dishi, a ja baya kaɗan. A taɓa gilashin salula daidai wurin da kayan suke, a jira su fito fes, sannan a danna.

A zaɓi shimfiɗa marar zane. Azurfa da farar tsakiya sun fi fita bisa baƙin ƙyalle ko jar fata. Duwatsu masu duhu sun fi fita bisa fari. Atamfa mai furanni tana haɗiye kaya. Ƙarfe mai sheƙi kuwa madubi ne: in kin sa jan zane, ja zai fito a jikin zobe. A sa farar tufa. A ɗauki hoto uku: gaba, baya, da kusa inda ƙulli yake.

Hoto ya faɗi gaskiya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mun gyara haske don kaya su fito yadda suke, ba don su fi yadda suke ba. Kada a canza launi da dabarun salula. Mai saye da aka ruɗa sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai gaya ma goma.

A aje mitar tela ko ƙwandalar tamma 100 kusa da kayan, don a san girmansu. A yanki ƴar takarda a rubuta abu huɗu da manyan baƙaƙe: sunan abu, da mi aka yi shi, tsawonshi, kuɗinshi. A sa ta cikin hoton.

In goran ruwa ne, a rubuta goran ruwa, kada a ce azurfa. Lambar 925 da ake bugawa jikin kaya tana nufin cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa ce. In jan ƙarfe ne, a gaya ma mai saye yana iya barin kore a fata in an yi zufa, kuma yana wankuwa.

Ga wani wuri da ake asara. Da baki dala muke ƙirga, amma a takarda tamma ake rubutawa. Dala 1 tamma 5 ce. In kina son dala 50, kika rubuta 50 F, mai karatu zai biya tamma 50, wato dala 10. Dala 40 sun tafi. Abin da za ki rubuta shi ne 250 F. Dala 100 ita ce 500 F. Jika 1, wato dala 200, ita ce 1000 F.

Sai maganar mutunci. Kada a ɗauki hoton mace ko yarinya sanye da kayan a aika, sai da yardarta, in ƙarama ce da yardar iyayenta. Hoton da ya fita daga salula ba ya dawowa. A rataya abin wuya jikin kwalba ko gora, ya isa.

Lissafi

Wannan misali ne, kowa ya sa kuɗin kasuwarsu. An sayi tsakiya ta 300 F, zare na 100 F, maɗauri na 100 F. Sun kama 500 F. Kuɗin zuwa kasuwa da na aika hoto, 100 F. Ladan aikinki, 400 F. Duka 1000 F. In an saida 1250 F, riba 250 F ce. In an saida 700 F, wata za ta ce ta ci 200 F, alhali ta manta da kuɗin hanya, ta manta da wahalarta. Ko don sha'awa ake yi, ko don kyauta ga amarya, a rubuta abin da aka kashe.

Aikin mako

A kwafi kalmomin nan a allo: haske, inuwa, hoto, tsakiya, awarwaro, azurfa, riba.

A amsa: hannu ya ba da santimita 15, awarwaro nawa za shi zama? Dala 150, nawa za a rubuta a takarda?

Kowace cibiya ta haɗa akwatin haske guda, na kowa da kowa. A ɗauki abu ɗaya sau biyu, cikin ɗaki da cikin akwati, a gwada hotunan. Wanda ba shi da salula ya yi aiki da ta abokin karatu. Sannan ku tattauna tare da malaminku: waɗanne kayan ado ne tsofaffin garinku suka iya, waɗanda yara ba su koya ba? Wa za ku je ku tambaya tun yana da rai? Abin da kuka samo, ku rubuto mana da hannunku ta hanyar malamin cibiya, za mu karanta.

Nan za mu dakata. Allah ya sa albarka ga hannuwanku, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.